Ɗacin da Baba Ya So

Mahaifina bai fita daga Madina ba tun kafin a haife ni. Ba ƙasar waje nake nufi ba. Ko Badar, inda mutane kan je su sayo dabino su dawo kafin magariba, bai taɓa zuwa ba. Hajji da umara ya yi nasa tun farkon zuwansa, ya ce sun ishe shi. Dalilinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: so yake ajali ya same shi a cikin garin, a kai shi Baƙi'a, maƙabartar da ke daura da masallacin Manzon Allah. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi, ya yi shekaru a hanya, ya yi ƙodago a gonakin auduga na Sudan kafin ya ga teku. In aka ce ya zo a je ɗaurin aure Makka ko Jidda, sai ya ce bai sha wannan tafiyar don ya je ya mutu a bakin titin wani gari ba. Mu 'ya'yansa har mun daina yi masa tayi.

A Harra ta Yamma gidanmu yake, cikin baƙaƙen duwatsun nan masu riƙe zafin rana. Goro Baba yake sayarwa. Alhazai ke kawo masa, shi kuma ya adana shi cikin ganye da jiƙaƙƙen buhu yana fitarwa kaɗan-kaɗan har shekara ta zagayo. Ni kuwa direba ne a lokacin, ina jigilar fasinja tsakanin Madina da Jidda ta tsohuwar hanya, don ba a buɗe sabuwar ba tukuna. Ni ne autan maza, ni ne kuma na zauna da iyalina a gidan, saboda haka duk wata rigimar tsufansa a kaina take ƙarewa. A gidan nan ba a amsa masa da Larabci. Jikokinsa in sun manta suka ce masa "aiwa", sai ya kau da kai kamar ba da shi ake ba.

Akwai wata ɗabi'a da tsofaffinmu na Madina suke da ita. In mutum ya sami wuri a sahun gaba a masallaci ba ya so ya tashi, domin yana tashi wani zai zauna. To, wanda ba ya so ya tashi sai ya riƙe alwala, wanda zai riƙe alwala kuwa sai ya yi gaba da ruwa. Baba yakan sallami masu sayen goro da safe, ya shiga masallaci da hantsi, ba zai fito ba sai bayan la'asar, wani lokaci ma sai ya yi isha. Abin da zai sha a tsakani bai wuce na jiƙa maƙogwaro ba. Haka ya yi shekara da shekaru, a garin da ko jaki ba ya tsayawa a rana.

Ciwon a kwiɓi ya fara masa. Ya yi ta ɓoyewa har ranar da Iya, mahaifiyata, ta ga alamar jini a makewayi. Na sa shi a mota yana faɗa na kai shi asibiti aka yi masa hoto. Likitan ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mana wani farin ɗigo kamar ƙwayar dawa, ya ce tsakuwa ce a ƙoda. Tana iya fita da kanta in aka yi ta tura ta da ruwa. In ta ƙi kuwa, ta toshe hanyar fitsari, to sai aiki, kuma ga mai shekarun Baba da irin zuciyarsa ba a nan za a yi aikin ba, sai Jidda. Duk bayanin nan na lura kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Baba, ita ce Jidda.

Likita ya ƙara da cewa ya sha ruwa da yawa, ya kuma riƙa shan bira. A wannan zamanin babu baƙalar da za ka shiga, wato kantin unguwa, ka rasa ta. Ruwan sha'ir ne a kwalba wanda babu barasa a cikinsa, hukuma ta yarda da shi, mutanen gari kuma sun ɗauke shi maganin tsakuwa. Larabawa suna sha ba su tunanin komai. Muna shiga mota Baba ya ce:

"Me ya ce in sha?"

"Ruwan sha'ir, Baba."

"Kurma ne ni? Giya ya ce."

"Babu barasa a ciki, Baba. An cire."

"Wa ya cire? A gabanka aka cire?"

Na ja mota. Ya ce ba a sake wa tuwo suna, shi kuma ba zai kwanta a Baƙi'a da abin da Turawa suke maye da shi a cikinsa ba.

Sai da na haɗa shi da wani malami da yake jin maganarsa a masallaci. Malamin ya ce abin da ba ya sa maye komai yawansa halal ne, suna ba ya haramta shi. Baba ya karɓi fatawar, don ba ya jayayya da malamai, amma fuskarsa ba ta karɓa ba. Na sayo masa irin wadda ake sayarwa a unguwa, mai ɗan zaƙi-zaƙi. Ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin, ya ce wannan kayan yara ne, a ina aka taɓa jin magani da zaƙi. A wurinsa maganin da ba ya sa mutum ya yatsine fuska zamba ce kawai. Ruwa ma bai ƙara a kan abin da ya saba ba, ya koma sahunsa na gaba da tsakuwarsa.

Ana haka, wata rana na sauke fasinja a Jidda na shiga wani babban kanti kusa da tashar jiragen ruwa, inda Turawan kamfanoni suke sayayya. Na ga wasu kwalabe masu duhu, gajeru masu kafaɗa, an rubuta da Larabci a wuyansu cewa babu barasa. Daga Ingila aka kawo su. A jikin takardar akwai hoton wani koren fure mai kama da ƙaramar abarba, wanda mai kantin ya ce Larabawa suna kira ciyawar dinari, ita ce ake jefawa a cikin ruwan sha'ir ɗin yana tafasa. Ya gargaɗe ni cewa ɗaci gare ta, ban da Turawa babu wanda ya taɓa saya ya dawo. Ina jin haka na ce ya ba ni kwali ɗaya.

A al'adarmu wanda ya kawo magani shi ke fara sha, don a san ba da wata manufa ya zo ba. Baba ya tsaya a kan wannan. Bayan la'asar ya zauna a kan buzunsa a tsakar gida, ya sa na tsiyaya a kofin gilashi a gabansa, ya ce in sha in gaya masa abin da na ji, kada in rage komai.

Launinta ja ne mai haske, kamar man shanu da aka soya ya ɗan wuce. Kumfar ba ta da yawa, fara ce mai laushi irin ta nonon da aka tatsa yanzu, ta kwanta a sama ba ta yi saurin bajewa ba. Da na kai hanci, ɓawon lemo na fara ji, sannan ɗanyar ciyawar da ake sayar wa masu awaki a bakin kasuwa, can ƙasa kuma wani ƙamshi kamar na ƙaro. Kurɓar farko ta yaudare ni. Gasasshen hatsi na ji, da ɗan gardi irin na ƙanzon tuwo, har na buɗe baki zan ce babu wani ɗaci. Sai da na haɗiye sannan ya taso daga can bayan harshe, ya cika baki, ya zauna. Ba ta da iskar lemon kwalba mai tsikarin hanci. Bayanta bakina ya bushe ƙamas kamar na tauna ɗanyen ɓaure. Ni dai ban ji daɗinta ba, kuma na gaya masa haka.

"Madalla," in ji shi. "Shanye."

Na shanye. Ya sa na zauna a gabansa har rana ta yi sanyi, yana duban idona. Ya sa na miƙe na bi layin siminti zuwa ƙofa na dawo. Ya sa na karanto masa abin da na haddace ina yaro. Na yi tuntuɓe a wuri biyu, Iya ta ce daga kicin wannan ba laifin kwalba ba ne, tun ina ƙarami haka nake. Sannan Baba ya yi bisimilla ya karɓi nasa kofin. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya jira. Na ga gemunsa ya motsa.

"Wannan magani ne," ya ce. Ya ɗan jima kuma ya ce, "Ba ni ruwa."

Abin da ya yi aiki ke nan, ba sha'ir ɗin ba. Wanda ya san goro ya san yadda ruwa yake zaƙi a bayansa. Kwalbar nan haka take yi, tana busar da baki ta bar ɗaci a maƙogwaro, ruwan da ya biyo bayanta kuma sai ya zama kamar an sa masa zuma. Baba da ba ya gama moɗa ɗaya a wuni sai ga shi yana shan uku a zaune. Da safe ma ƙishin bai sake shi ba. Dole ya riƙa tashi daga masallaci yana sabunta alwala, dole kuma ya rasa wurinsa a sahun gaba ya koma can baya kusa da ƙofa. Abin ya yi masa ciwo, amma ya ce gara bayan sahu a Madina da gadon asibiti a Jidda.

Iya ce ta ɗauki nauyin rufa asiri. Kwalaben da aka shanye takan naɗe su a tsumma ta sa mini a mota in zubar a hanya, don kada maƙwabta su gani a shara su ce gidan mai goro ya lalace. Duk tafiyar da na yi Jidda nakan leƙa kantin nan. Mai kantin har ya fara tambayata ko Bature nake yi wa aiki.

Sannu a hankali ciwon ya lafa. Wani yashi-yashi ya fara fita. Da muka koma aka sake hoto, likita ya nuna mana ɗigon ya sauko ƙasa daga inda yake, ya ce a ci gaba, an kusa. A hanyar gida Baba har da yi wa jikansa ba'a, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ni ban lura da lokacin da ya fara gyara yadda ake ba shi maganin ba. Da farko ya ce a daina sa kwalbar a firiji, sanyin yana kashe ƙamshin ya bar ɗacin tsirara. Ya sa aka riƙa jefa ta a cikin randa tun da hantsi, ta ɗauki sanyin ƙasa kawai. Na ɗanɗana na ji gaskiyarsa, a haka lemon da ciyawar sun fi fitowa, gardin hatsin ma ya fi daɗewa kafin ɗacin ya rufe shi. Sannan ya ƙi kwanon sha na silba, ya ce yana ƙara mata ƙarni, sai gilashi. Sannan ya koya mini in karkata kofin in tsiyaya a hankali, in miƙe shi a ƙarshe don kumfar ta tsaya daidai faɗin yatsa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana bambance goron da ya kwana da wanda bai kwana ba, harshensa ba ya yin ritaya.

Wata yamma ya yi mini karatun ɗaci. Ya ce ɗaci iri-iri ne. Na maɗaci ba shi da kunya, yana shigowa ba sallama kuma ba ya barin komai. Na shuwaka matsoraci ne, ana wanke shi ya gudu. Na gauta yana da ruwa-ruwa, na yara ne masu koyon girma. Na goro shi ne mai mutunci, don yana biyan wanda ya yi haƙuri da shi. Wannan na kwalba kuwa, ya ce, ya fi kusa da na goro, sai dai shi yana aiko da ƙamshi gaba kafin ya iso. Ya ɗaga kofin yana duban rana ta cikinsa, ya ce Turawan nan, duk da halinsu, akwai wanda ya zauna ya yi tunani a kan wannan abu. Na ji daɗin ganinsa haka, ban kawo komai a raina ba.

Baba yana da aboki guda, wani tsohon tela Badamagare da ya biyo ta Chadi da Sudan ya zauna a unguwar Sih. Shi ma irin Baba ne, tun da ya shigo Madina bai yarda ya kwana a wajenta ba, kuma dalilinsu ɗaya. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasan taubasantaka, su biyun nan kuwa sun riƙe shi kamar sana'a. Kullum bayan la'asar Tela zai zo da sandarsa, ya zauna, ya ci goron da ba zai biya ba, ya ce Bakano ko a Aljanna sai ya kafa tebur. Baba ya ce Badamagare ko a Aljanna sai ya nemi bashi. Shi kaɗai ne bare da ya san zancen kwalbar.

Ranar da abin ya faru na makara a wajen gyaran mota, ban shigo ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Ni ke tsiyaya masa, don haka bai sha ba. Na same su zaune, Tela yana ba da wani labari, Baba kuwa idonsa yana kan randa. Ina yin sallama ya ce, "Ina ka tsaya?" da wata irin murya. Na wanke hannu na ciro kwalbar na tsiyaya. Ya karɓa da hannu biyu, ya shaƙi ƙamshin, ya lumshe ido.

Tela ya yi dariya ya ce, "Ya shaihu, wallahi ko ladan ba ka yi wa irin wannan jiran. Tun ɗazu nake magana, kai kana can wajen amaryarka a cikin randa. Bakano ya tsufa ya gano abin da Turawa suka gano."

Tela ya sha faɗa masa abin da ya fi wannan. Amma Baba bai rama ba. Ya buɗe ido ya dubi kofin, ya dubi randar, ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Kumfar ta baje a nan har aka kira magariba. Magana zarar bunu ce, Tela kansa ya ga ta fita, ya yi ta 'yan kame-kame har ya tashi ya tafi.

Washegari da na ɗauko kwalbar Baba ya ce in mayar.

"Baba, likita ya ce an kusa."

"Na ji."

"Malam ya ce halal ce."

"Ban ce haram ce ba." Ya ƙara da cewa, "Da, magani nake sha. Jiya ina cikin sallar la'asar na tuna da ita. A raka'a ta uku. Na ji ƙamshin lemon nan a hancina ina tsaye a masallacin Annabi."

"To ai ko tuwo mutum yana tunawa a salla."

"Tuwo ba shi da 'yar'uwa mai sa maye. Wannan kuwa an yi ta ne don wanda ya saba da waccan ya rage zafi. Ni ban san waccan ba, ga shi ina kewar wannan. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Shi ke nan, mayar."

Ran nan na yi fushi, kuma na faɗa masa. Na ce mutum ya zaɓi tsakuwa a kan lafiya saboda wasan tela, wannan ba tsoron Allah ba ne, taurin kai ne. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ɗauki carbinsa. Har yau ina ganin taurin kai ne, sai dai na san ba don idon mutane ya yi ba. Da don mutane ne da ya sha a ɗaki.

Iya ta koma dafa masa sha'ir a tukunya tana tacewa. Yakan kurɓa don kada ta ji haushi, ya ce ruwan wanke shinkafa ne. Na ce to ya ci goro ya bi da ruwa, ya ce goro ya daɗe da daina sa shi ƙishi. Tela ya dawo da kansa ya roƙe shi, har ya sa na buɗe masa kwalba ya shanye a gabansa yana yatsina kamar an ba akuya barkono. Baba ya yi dariya sosai, ya ce Badamagare da kyauta ko guba ce zai sha. Suka shirya, wasa ya dawo, amma kwalba ba ta dawo ba. Abin da ya fi muni, sai Baba ya ga kamar yana da bashin da zai biya na sallolin da ya yi da ƙamshin lemo a hanci. Ya koma sahun gaba, ya koma riƙe alwala.

Ban san ko da ya ci gaba da sha tsakuwar za ta fita ba. Wani likita ya gaya mini daga baya cewa ruwan famfo ma zai yi aikin da kwalbar ta yi, in dai za a sha. Matsalar ke nan, in dai za a sha.

Cikin tsakiyar zafi tsakuwar ta toshe hanyar. Da safe Iya ta kira ni na same shi a durƙushe ya dafa bango, jikinsa ya yi zafi rau, fitsari ya ƙi fita. A asibiti likita ya ce yau ɗin nan za a tafi Jidda, ya rubuta mana takarda. Ya ce in an yi aikin akwai kyakkyawan zato, in ba a yi ba kwanaki ne kawai. Na ɗauka Baba zai ce a mayar da shi gida, don ga abin da ya yi shekaru yana jira ya zo har ƙofa. Na ma shirya abin da zan ce masa. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce:

"In na zauna alhali ga magani, ni na kashe kaina ke nan. Da wane ido zan shiga cikin mutanen Baƙi'a? Kawo motar."

Na kwantar da kujerar baya na shimfiɗa masa katifa. Iya ta tsaya a ƙofa, ta sa masa hularsa da ta faɗi. Da muka kama hanya ya ce in gaya masa in mun zo iyakar haramin Madina. Da muka zo na gaya masa. Ya ce in rage gudu. Ya yunƙura ya ɗaga kai ya duba ta gilashin baya, ban san abin da ya gani ba, don daga nan duwatsu ne kawai. Ya yi sallama ga Manzon Allah a hankali, irin wadda ake yi in za a yi tafiya a dawo, ya koma ya kwanta. A Badar na tsaya shan mai na ba shi ruwa, ya sha da yawa ba gardama.

An yi aikin, an ciro tsakuwar, har an nuna mini ita a cikin wani ɗan kwano. Ya farfaɗo ya yi magana, ya tambayi yaushe za a sallame shi. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya dawo, zuciyar ta gaza, ya rasu da hantsi ina wajen sayo masa lemo. Na so in sa shi a mota in juya. Amma ga zafi, ga takardun da ba a gamawa a wuni ɗaya, ga yayana da ke zaune a Jidda da malamin unguwarsu suna cewa sunna ita ce a gaggauta. Bayan la'asar aka binne shi a wata maƙabarta da ke kusa da asibitin, a ƙasa mai gishiri, cikin mutanen da bai sani ba. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, ba don mutuwar ba, don wurin.

Tela bai zo zaman makokin da muka yi a gida Madina ba sai a rana ta ƙarshe. Ya zauna a gefe, aka miƙa masa goro ya ƙi karɓa. Da mutane suka watse ya matso ya ce yaushe zan koma Jidda. Na ce jibi. Ya ce in ajiye masa kujera.

"Baba Tela, kai da ba ka fita?"

"Ajiye mini kujera, ɗana."

Ya zo da sandarsa da ƙullin likkafaninsa a leda, wai ko da wani abu. A hanya, da muka wuce iyakar harami ma bai waiwaya ba. Na kai shi maƙabartar da rana tsaka. Kaburburan can ba a rubuta suna, duwatsu ne kawai a jere, kuma an ƙara wasu bayan namu. Na tsaya ina ƙirga layi na rikice, na nuna masa wajen da nake zato, na ce a tsakanin nan ne zuwa can.

Ya tsaya ya yi sallama ga layin gaba ɗaya, ya yi addu'a. Sannan ya dogara sandarsa ya sunkuya kamar mai magana da wanda ke zaune a kan buzu.

"Malam," ya ce, "wasa nake yi fa."

Ya jira kaɗan. Da ya miƙe sai ya kama hannuna muka fito.